Shari'ar Firiza a Zauren Haladu Masinja

Da sunan Mai rabon arziki, wanda ya ba wasu dukiya ya bar wasu da shawara, muke buɗe tarihin gwarzon gwaraza, barden ƙofar kotu, Malam Haladu ɗan Sallau ɗan Jatau, na Unguwar Tsamiya a garin Malumfashi. Haladu mai muryar tada na zaune, mai sandar nuna benci, dodon masu shiga da takalmi, wanda ya yi shekara talatin da biyu yana masinja a kotun alƙali ba a taɓa jin ya kira sunan mai ƙara sau huɗu ba. Kakansa Jatau shi ne wanda tarihi ya adana sunansa saboda wani jaki da ya yi kasuwa goma sha ɗaya yana tayawa, yana duba haƙori, yana komawa gida ya yi nazari, har Allah ya karɓi ran jakin a hannun mai shi. Mahaifinsa Sallau kuwa shekara bakwai ya yi yana auna inda zai haƙa rijiya a tsakar gida, bai kai ga sara ƙasa ba har aka kawo famfo unguwar. Daga wannan tsatso mai albarka, na mutanen da ba su san gaggawa ba ko da tuwo na ƙonewa, gwarzonmu ya fito.

To, a wata ranar Laraba cikin watan Sha'aban, ana wani irin zafi da ko ƙadangare ba ya son hawa bango, sai wayar Malam Haladu ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya nisanta ta da fuska, ya matso da ita, ya sake nisantawa. Alat ɗin banki ne. Kuɗin sallamarsa, wanda ya yi shekara uku yana jira tun da ya ajiye aiki, sun sauka. Ba wasu kuɗin a-zo-a-gani ba ne, amma irinsu sau ɗaya suke zuwa wa masinja a rayuwa, kuma shi ma ya san haka.

Uwargidansa Hansatu, wadda ta yi shekara ashirin tana dafa zoɓo da kunun aya tana ɗaurawa a leda, tana biyan kuɗi a sanyaya mata a firijin mutane, wani lokaci a dawo mata da su da ɗumi har sun fara tsami, ita ta riga ta san inda kuɗin nan ya kamata su tafi. Maƙwabciyarsu Hajiya Ladidi za ta koma wurin ɗanta a Fatakwal, kuma za ta sayar da firizarta, babba, fara, mai aiki da sola, da faifanta da baturanta. Ta ce Hansatu ta fi kowa cancanta, za ta ajiye mata har Asabar ta sama, ranar da motar kaya za ta zo. Bayan Asabar ɗin da kwana uku za a ɗauki azumi. Duk wanda ya san kasuwar ƙanƙara a azumin bazara ba ya bukatar a yi masa bayani.

"Malam," in ji Hansatu, "ka yi mini alkawari tun shekarar da aka aurar da Rakiya."

"Alkawari na nan, Hansatu. Amma ba a yanke hukunci sai an ji kowane ɓangare."

"Wane ɓangare kuma? Ni ce, sai firiza."

Gwarzo bai amsa ba, domin manya ba sa amsa kowace tambaya. Sai ya fita zaure da babbar wayar da 'yarsa Rakiya ta aiko masa daga Zariya, ya sayi data, ya yi bisimilla, ya rubuta da yatsa ɗaya: me ya kamata mutum ya yi da kuɗinsa.

Wayyo, jama'a! Da dai bai rubuta ba. Ƙofofin intanet suka buɗe, rundunonin masu shawara suka kwararo ta gabas da yamma, masu kwat da masu babbar riga, masu allo da masu tsayuwa jikin mota, kowa na nuna shi da yatsa ta cikin gilashi, kowa na rantsuwa shi kaɗai ne ke ƙaunarsa. Wannan ya ce fili, wancan ya ce fili tarko ne. Wannan ya ce zinari, wancan ya ce zinari ba ya haihuwa. Wani ma ya ce duk talaucin mutum daga shan shayin safe yake. Da wani ne da ya jefar da wayar ya shige ɗaki. Amma Haladu ɗan Sallau ya ga abin da ya saba gani shekara talatin da biyu: mutane suna surutu lokaci guda, babu mai tsawatarwa. A nan wani tsohon buri da ya daɗe a kwance ƙarƙashin zuciyarsa ya miƙe. Duk tsawon aikinsa a bakin ƙofa yake tsaye, yana kallon kujerar alƙali daga nesa, yana yanke hukunci a ransa kafin alƙali ya buɗe baki. Yau ga shari'a ta zo masa har gida.

Washegari da hantsi aka share zaure. Aka shimfiɗa buzu, aka kifa turmi ya zama tebur, aka jingina waya jikin buta ta zama akwatin masu ƙara. Jama'ar kotu kuwa mutum ɗaya ne, amininsa Tanimu mai faci, wanda rumfarsa ke kallon zauren, ya kuma yarda ya riƙa zama saboda akwai inuwa. Malam Haladu ya tsaya a bakin ƙofa, ya cika ƙirji da iska, ya saki kururuwar da ta daɗe ba ta girgiza bango ba:

"Kooootu!"

Kaji suka watse. Tanimu ya miƙe tsaye ba shiri. Gwarzo ya zagaya da sauri ya shigo a matsayin alƙali, ya zauna bisa buzu, ya yi wa Tanimu izinin zama.

Daga cikin dubban mayaƙa, uku ya tace, domin su suka fi yawan mabiya da yawan hayaniya. Na farko Farfesa Jari, mai tabarau da kantar littattafai a bayansa, wanda da'awarsa ita ce kada mutum ya taɓa kuɗinsa: ya bar su a banki, ya yi kamar ba shi da su, domin ranar tsiya ba ta aiko da goron gayyata. Malam Haladu ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce wallahi mutumin nan yana da hujja. Na biyu wani matashi ne da ke kiran kansa Ɗan Gata Miloniya, kullum jingine da wata baƙar mota mai ƙyalli, wanda ya ce kuɗin da ke kwance mushe ne, a turo masa su ya saka a kasuwar intanet, su ninka kafin wata ya mutu. Malam Haladu ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce wallahi shi ma yaron nan yana da hujja. Ta uku wata mata ce, Anti Tattali, da ke magana daga kicin ɗinta tana yanka albasa. Ita cewa ta yi mutum ya sayi abin da zai iya taɓawa da hannu, abin da zai yi masa aiki kullum, kuma wanda wani a gidan ya riga ya iya sana'arsa.

"Ita ma tana da hujja," in ji Tanimu, yana taya alƙali.

"Ba a tambaye ka ba. An ɗage zama sai gobe."

A nan ya kamata mai karatu ya fahimci wani abu game da ilimin gwarzonmu. A shekarun da ya yi a bakin ƙofa, ba littafi ya karanta ba, alƙalai ya karanta, kuma babban abin da ya tsinta daga gare su shi ne cewa kwarjinin shari'a yana cikin ɗagewa. Ƙaramin alƙali ne ke gama magana a yini guda. Saboda haka aka ɗage ranar farko don nazari, aka ɗage ta biyu don cajin waya ya ƙare ana tsakiyar bayanin Farfesa, Asabar da Lahadi kuwa kowa ya san kotu ba ta zama. Hansatu na leƙowa ta bayan labule tana lissafa kwanaki da yatsu.

Ranar Litinin aka aika sammaci. Gwarzo ya shiga wurin sharhi a ƙarƙashin bidiyon kowannensu ya rubuta: "Ana nemanka gobe ƙarfe goma na safe a zauren Malam Haladu, Unguwar Tsamiya, tare da shaidunka biyu." Farfesa bai amsa ba. Anti Tattali ta aiko da hoton hannu biyu na addu'a. Wasu marasa kunya da ba su san darajar kotu ba suka jera masa fuskokin dariya har guda arba'in. Ɗan Gata ne kaɗai ya amsa cikin minti biyu, ya ce: "Baba na kaina, turo lambar wayarka mu yi magana ta sirri."

"Sirri?" Malam Haladu ya daki turmi. "Da alƙali? Kai, wannan cin hanci yake nema ya ba ni!"

Ranar Talata aka yi Yaƙin Baƙar Mota, wanda har gobe ana labarinsa a rumfar faci. A nan, gaskiya ɗaya ce, dole a sara wa Haladu, domin mutumin da ya yi shekara talatin da biyu yana kallon maƙaryata suna rantsuwa ba ya rasa ido. Ya jera bidiyon Ɗan Gata goma sha bakwai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana tsayarwa, yana buɗa hoton da yatsu biyu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, har Allah ya ba shi nasara: a cikin goma sha bakwai ɗin nan babu inda yaron ya taɓa buɗe ƙofar motar. Jingina kawai yake yi. A na ƙarshe ma, cikin gilashin motar, ga inuwar wani mai gadi nan yana yi masa alama da hannu ya matsa.

"Allahu akbar!" in ji Tanimu.

"An kori ƙararsa! Kooootu!"

Ranar Laraba aka juya kan Farfesa Jari. Gwarzo ya kutsa cikin tsofaffin bidiyonsa kamar mai tonon gyaɗa, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, data na ƙonewa, har ya iso bara waccan, inda ya tarar da Farfesan nan dai, da tabaran nan dai, yana rantsuwa cewa duk wanda ya bar kuɗi a banki ya zuba ruwa a kwando, domin tsadar kaya za ta cinye su yana barci. Shaida mai baki biyu! Malam Haladu ya kunna na bana, ya kunna na bara waccan, ya bar Farfesa ya yi dambe da Farfesa har suka kada juna, sannan ya kore su duka biyun.

Saura Anti Tattali. Ita ba a same ta da mota ba, ba a same ta da baki biyu ba, albasarta ma ta gaske ce, don har hawaye take yi. Amma kotu ba ta karɓar magana haka kawai, sai an je an gani da ido. Tunda kuwa alƙali ba ya yawo gidajen mutane, sai aka naɗa Tanimu wakilin kotu, aka tura shi gidan Hajiya Ladidi ranar Alhamis ya binciko firizar nan ciki da waje.

Ranar Juma'a da safe wakili ya gabatar da rahoto. Ya ce ya buɗe ta, sanyi ya buge shi har haƙoransa suka amsa. Ya ce baturan sababbi ne, ba su shekara ba. Ya ce Hajiya ta zuba ruwa a leda da asuba, kafin la'asar ya zama dutse. Daga nan alƙali ya karɓe, ya shiga taƙaita shari'a da wata irin fasaha da shi kansa bai san yana da ita ba: ya kawo zafin bana, ya kawo kwana talatin na azumi, ya kawo gidajen unguwa da babu mai wutar kirki, ya kawo yadda mai azumi idan la'asar ta yi zai iya ba da hularsa a kan ƙanƙara guda. Ya yi magana har muryarsa ta dushe. Tanimu ya daina fifita da hula, idanunsa suka ƙanƙance.

"Allah gafarta Malam," ya ce a hankali, "ke nan saye za ka yi?"

"Kotu ba ta faɗi haka ba. Ba a yanke hukunci ranar da aka rufe sauraro. An ɗage sai Litinin."

"Litinin? To, idan wani ya riga ka fa?"

Gwarzo ya yi murmushin tausayin jahilci. "Tanimu, kayan da ke gaban kotu ba a taɓa shi. Wannan ko ɗan koyo ya sani."

Abin da bai zo ran Haladu ɗan Sallau ba shi ne, Hajiya Ladidi ba ta san an kafa wata kotu a unguwar ba, balle ta san firizarta na gabanta.

Da ya shiga gida, Hansatu ta tare shi a bakin murhu. "Malam, gobe Asabar fa."

"Na sani. Shi ya sa ba zama."

"Don girman Allah, Malam, ka je ka ba matar nan kuɗinta. In ya so ka yi shari'arka daga baya."

"Hansatu, ba a yi wa alƙali maganar shari'a a cikin gida. Haramun ne a aikinmu."

Asabar da safe ta sake gwadawa, ta ce Hajiya ta aiko sau biyu. Ya toshe kunnuwansa da yatsu, ya ɗauki hula, ya tafi ɗaurin aure ƙauye don ya tsare mutuncin kotu daga tasirin iyali. Lahadi ba ta ce masa komai ba. Ya ɗauka ta gane doka ne, har ya ji daɗi.

Ranar Litinin, ranar da tarihi ya tsaya cak, gwarzo ya sa farar rigarsa ta Idi, ya naɗa rawanin da ya aro, ya tsaya a bakin ƙofa ya kwarara "Kooootu!" har sau biyu. Ba wanda ya miƙe, domin Tanimu bai zo ba, rumfarsa ma a rufe take. Bai damu ba. Ya zauna, ya kira Hansatu ta tsaya bayan labule, ya warware takarda shafi huɗu, ya karanta da muryar da ta dace: bayan la'akari da hujjoji da bayanai, da shaidar gani da ido, da korar mai jingina da mota, da korar mai baki biyu, wannan kotu mai adalci ta tabbatar da maganar Anti Tattali, ta kuma yi umarni a sayi firizar Hajiya Ladidi nan take ba tare da ɓata lokaci ba.

Ya ɗaga kai yana jiran guɗa.

"Ka gama?" in ji Hansatu.

"Kotu ta gama."

"Firiza tana gidan Tanimu tun Asabar da hantsi. A amalanke aka wuce da ita ta ƙofar nan. Ragunansa biyu da babur ɗinsa ya sayar ya saya wa matarsa Kulu." Ta gyara labulen. "Hajiya ta jira ni har direba ya fara faɗa. Da kuka muka rabu."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, har rawanin ya yi masa nauyi. Ya fita fuu ya tsallaka titi, ya yi sallama da Tanimu, ya tuhume shi da cin amanar kotu. Tanimu ya fito yana sosa ƙeya.

"Malam Haladu, ni fa ban taɓa tunanin ƙanƙara ba a rayuwata. Kai ka gamsar da ni. Kuma na tambaye ka, ka ce ba ka faɗi haka ba. Wallahi bayanin nan naka ko dutse ya ji sai ya saya."

Gwarzo ya juya gida. Abin haushin, har cikin ransa ya ɗan ji daɗin yabon.

Kuɗin sallama kuwa suna nan a banki ba a taɓa ko kwabo ba, daidai yadda Farfesa Jari, wanda aka kora da wulaƙanci, ya yi umarni. Hansatu ta aika a tambayo kuɗin sabuwar firiza mai sola a Funtuwa, aka dawo da amsar da ta sa ba a sake tayar da zancen ba.

Ranar ɗaya ga azumi, la'asar sakaliya, rana ta gasa gari har kwalta na kama takalmi, Hansatu ta dafa zoɓonta kamar kullum, ta fito ta miƙa wa mijinta kular sayo ƙanƙara ba tare da ta dube shi ba. Barden ƙofar kotu, jikan Jatau, mai korar miloniya da farfesa a mako guda, ya rungumi kula ya tsallaka titi. Ya tarar da layi tun daga ƙofar Tanimu har gindin tsamiya. Kulu na daga cikin soro tana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, wanda aka kira ya matsa ya karɓa. Ya tsaya a ƙarshe. Ya lura ba ta iya kira ba sam, muryarta ba ta fita, wani ma sai ta kira shi sau biyar, amma ba wanda ya nemi shawararsa.

Ana saura kaɗan a kira salla layi ya iso kansa. Kulu ta leƙo, ta gan shi, ta rufe baki da mayafi.

"Ayya, Malam Haladu! Wallahi yanzun nan ta ƙare. Sai dai gobe, ka zo da wuri."

Ya koma gida da kula tana masa ƙara a hannu saboda ba komai a ciki. Hansatu ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye dabino da ƙosai. Ta dubi kular, ta dube shi.

"Ina ƙanƙarar?"

"An ɗage," ya ce da ƙaramar murya. "Sai gobe."

Ladan ya kira salla. Ta tsiyaya masa zoɓo a kofi, da ɗuminsa kamar yanzu aka sauke, ta tura masa gabansa. Malam Haladu ya yi bisimilla ya shanye tas, bai ɗaukaka ƙara ba.